Ɗaure sigar laburare ko barinta a sake: wanne ya dace da ƙaramin ginshiƙin gina shafuka?

Ɗan Wunti, Bauchi

Assalamu alaikum. Mu 'yan ƙalilan ne a nan cikin garin Bauchi da muke kula da wani ƙaramin ginshiƙi na gina shafukan intanet, wanda muka ɗora a kan Flask, wani tsarin gina shafuka na harshen Python, muka kuma saki kod ɗinsa a buɗe a GitHub domin duk mai buƙata ya ɗauka ya yi aiki da shi. Aikin ginshiƙin shi ne ya ɗauke wa mai gina manhajar makaranta ko ta ƙaramin shago nauyin ayyukan da ake maimaitawa a kowane aiki, kamar rajistar masu shiga, tsara fom, da fitar da rasit ko takardar sakamakon jarrabawa a matsayin PDF. A yanzu akwai masu gini a kansa a Azare da Misau da Gombe, kuma yawancinsu ba mu taɓa haɗuwa da su ido da ido ba.

Ginshiƙin ya dogara da laburare da dama, wato ƙunshin kod da aka shirya domin a ɗauka a yi aiki da shi, waɗanda ba mu muka rubuta su ba, kuma a cikin fayil ɗin pyproject.toml, inda ake lissafa abubuwan da aiki ke buƙata, mun rubuta wa kowacce mafi ƙarancin sigar da muke karɓa, ba tare da iyaka daga sama ba. Kwanan baya laburaren da ke haɗa mana PDF ta fitar da sabuwar siga wadda aka cire wani umarni da muke kira a cikinta. Duk wanda ya girka ginshiƙin tun da can bai ga komai ba, amma wanda ya zo girkawa bayan fitowar sabuwar sigar sai manhajarsa ta ƙi tashi, kuma hakan ya faɗo daidai lokacin da makarantu ke haɗa sakamakon ƙarshen zango.

Tun daga nan ra'ayinmu ya rabu gida uku. Wani yana ganin mu ɗaure kowace laburare a kan siga guda tak, wadda muka gwada muka tabbatar tana aiki. Wani kuma yana ganin mu kwafo kod ɗin laburaren gaba ɗaya mu ajiye shi a cikin namu, domin kada wani daga waje ya sake canza mana abu ba da saninmu ba. Na ukun ya ce a bar komai yadda yake, idan abu ya karye a gyara. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a wannan fage a kan wacce hanya ce ta dace da mai kula da ginshiƙi, tare da la'akari da cewa da yawa daga cikin masu amfani da mu suna girka manhajar ne a kan kwamfutar ofishin makaranta, inda intanet ɗin ba ya da ƙarfi kuma kuɗin data ba ƙaramin abu ba ne.

Injiniyan Jekadafari, Gombe

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyin nan uku, ya kamata ku raba abubuwa biyu da suka cakuɗe a cikin muhawarar taku, domin dokar da ta dace da manhajar da aka gama aka ɗora a kan saba, wato kwamfutar da ke riƙe da ita a intanet, ba ita ce ta dace da ginshiƙin da wasu za su yi gini a kansa ba. Mai manhajar makaranta shi ne na ƙarshe a layi, babu wanda zai ɗora wani abu a kan tasa, saboda haka wajibi ne ya ɗaure kowace laburare a kan siga guda, har da laburaren da laburarensa suka jawo ba da saninsa ba. Ku kuwa a tsakiya kuke, kuma duk abin da kuka ɗaure kun ɗaure shi ne a wuyan kowane mutum da ya girka ginshiƙinku.

Dalilin da ya sa wannan ya yi tsanani a Python shi ne, muhalli guda ba ya ɗaukar siga biyu ta laburare guda a lokaci ɗaya. A wajen masu JavaScript, npm, mai girka musu laburare, yana iya ajiye siga biyu ko uku na abu ɗaya, kowace a ƙarƙashin wanda ya neme ta, amma pip, mai girka laburare a Python, ba ya yin haka. Idan kuka ce ginshiƙinku ba ya karɓar komai sai wata takamaimiyar sigar Jinja2, sannan mai amfani da ku ya buƙaci wata laburare da ta ce ita sai sigar da ke gaba da wannan, to pip zai tsaya ya ce ba zai iya sasanta su ba. Tun daga siga ta 20.3, wadda ta fito a ƙarshen 2020, pip ya daina kau da kai daga irin wannan saɓani. Abin da ya fi wannan muni shi ne ranar da aka gano ɓarakar tsaro a wata laburare aka fitar da gyara, domin babu wani daga cikin masu amfani da ku da zai iya karɓar gyaran sai ya jira kun saki sabuwar siga, ko da kuwa a ranar dukanku kuna wurin ɗaurin aure a Ningi.

Abin da ya same ku ya sami manyan ayyuka ma. Flask 2.2.2 ya rubuta cewa yana karɓar laburaren Werkzeug daga 2.2.2 zuwa sama, ba tare da rufi ba, wato ba iyaka daga sama. A ƙarshen Satumban 2023 aka fitar da Werkzeug 3.0, wadda aka cire umarnin url_quote daga cikinta, alhali waccan sigar ta Flask tana kiran sa tun a farkon tashi. Ɗimbin manhajoji da suka ɗaure Flask kaɗai suka bar sauran a sake sun wayi gari sun ƙi tashi. Amma ku lura da abu biyu a cikin wannan labari. Na farko, an yi gargaɗin cirewar tun a Werkzeug 2.3, watanni kafin a aiwatar, kuma Flask 2.3 ya riga ya daina kiran umarnin. Na biyu, waɗanda suke da cikakken fayil ɗin kulle, wanda ya ƙunshi kowace laburare da sigarta, ko motsi ba su ji ba.

Saboda haka shawarata ita ce ku riƙe fayil iri biyu. A cikin pyproject.toml ku rubuta tazara, wato mafi ƙarancin sigar da kuka gwada da gaske, ba wadda kuka tarar a kwamfutarku ranar da kuka fara aikin ba. Sannan ku ajiye fayil ɗin kulle daban, wanda pip-compile ko Poetry ko uv za su haɗa muku, domin gwajinku da kuma manhajar misali da kuke ba sababbin shiga. Wannan manhajar misalin ita ce mafi muhimmanci a wurinku, domin yawancin mutane kwafarta suke yi su fara aiki a kai, kuma idan ta zo da fayil ɗin kulle to sun gaji kyakkyawar ɗabi'a ba tare da an yi musu lacca ba.

Bayan haka sai gwaji, wanda shi ne ainihin aikin. Ku sa GitHub Actions, mai gudanar da ayyuka da kansa a GitHub, ya riƙa gudanar da gwajinku a yanayi biyu, ɗaya da mafi ƙarancin sigogin da kuka yi alkawari, ɗaya da mafi sabunta, kuma na biyun ya riƙa gudana da kansa kowane mako ko da ba wanda ya taɓa kod ɗin. A uv akwai zaɓin --resolution lowest-direct da ke girka mafi ƙarancin sigogi domin irin wannan gwaji. Ku kuma umarci pytest, mai gudanar da gwaji, ya ɗauki kowane DeprecationWarning, wato gargaɗin cewa za a daina amfani da wani abu, a matsayin kuskure, domin mafi yawan laburare masu mutunci suna yin gargaɗi kafin su cire abu, sai dai Python yana ɓoye yawancin irin wannan gargaɗi idan ba a nemi gani ba. Ina kyautata zaton laburarenku ta PDF ta yi gargaɗi, kuma za ku iya tabbatarwa idan kuka duba takardar canje-canjenta.

Game da sanya rufi daga sama, a nan masana sun yi saɓani, kuma ni ina tare da masu cewa kada a sanya shi sai da dalili. Tsarin ba siga lamba mai suna SemVer, wanda Tom Preston-Werner ya rubuta, ya ce lambar farko ce kaɗai ke canzawa idan an karya abin da ke aiki a da, amma alkawari ne da wasu ke cikawa wasu ba sa cikawa, kuma shi kansa tsarin ya ce duk sigar da ta fara da 0 tana iya canza komai a kowane lokaci.

Malama 'Yar Azare

Na yarda da mafi yawan abin da Injiniya ya faɗa, amma a kan batun rufi ina da ja. Hujjar masu ƙin rufi ta fi ƙarfi ga manyan ayyuka irin su Flask, inda idan abu ya karye da safe akwai masu gyara shi kafin la'asar, kuma masu amfani da su sun san yadda za su taimaki kansu. Ginshiƙin Malam Ɗan Wunti mutum ƙalilan ne ke kula da shi a lokacin da suka samu sarari, kuma mai girka shi sau da yawa malamin kwamfuta ne a makarantar sakandare wanda bai taɓa jin sunan Werkzeug ba. Ga irin wannan mutum, saƙon pip da ke cewa sigogi sun yi saɓani abu ne da ba kasafai zai ci karo da shi ba, domin ba ya ƙara laburare da yawa, amma manhajar da ta ƙi tashi ranar haɗa sakamako babbar musiba ce. Don haka ina ganin a sanya rufi a kan lambar farko ga laburaren da ginshiƙin ya shiga cikinsu sosai, musamman Flask ɗin kansa, da sharaɗin cewa gwajin mako-mako zai riƙa gwada abin da ke sama da rufin, a ɗaga shi da zarar an ga lafiya. Django 4.2 ma haka ya yi wa asgiref, ya ce daga 3.6.0 zuwa ƙasa da 4, alhali ya bar sqlparse ba rufi.

A kan kwafo kod a ajiye a gida, ina ba ku shawarar ku guje shi. Akwai masu yin haka da hujja, misali pip yana ɗauke da laburarensa a cikin jakar _vendor saboda shi ne mai girka wa kowa, ba zai jira wani ya girka masa ba, kuma suna da jerin sunaye da sigogi da tsarin sabunta su. Ku ba ku da wannan larura. Daga ranar da kuka kwafo kod ɗin, duk ɓarakar da aka gano a cikinsa ta zama taku, kuma kayan binciken tsaro da ke karanta jerin laburare ba za su gan shi ba tunda ba ya cikin jerin. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Akwai kuma wata matsala da ba a cika hangowa ba, wato masu amfani da ku za su fara kiran kwafin kai tsaye daga cikin ginshiƙinku. Django ya ɗauki laburaren six a cikinsa da sunan django.utils.six domin tafiya da Python 2 da 3 a lokaci guda, kuma da aka cire ta a Django 3.0 a Disamban 2019, ƙarin manhajoji masu yawa na wasu mutane sun karye saboda sun jingina da wannan kwafin.

Idan abin da kuke buƙata daga wata laburare bai wuce layi goma ko ashirin ba, to ku rubuta naku ku huta. A Maris ɗin 2016 Azer Koçulu ya janye ayyukansa fiye da 250 daga npm bayan saɓani a kan sunan kik, kuma a cikinsu akwai laburaren left-pad mai layi 11 kacal, wadda rashinta ya tsayar da girka Babel, wani babban kayan aikin JavaScript, da dubban ayyukan da ke bayansa har sai da npm ya mayar da ita.

Matsalar raunin intanet kuwa maganinta daban ne, ba ta buƙatar a taɓa kod. A wurin da intanet ke da ƙarfi sai a yi pip download tare da fayil ɗin kulle, a tara dukan fayilolin a jaka guda, a zuba a filas. A ofishin makaranta sai a girka da pip install --no-index --find-links a nuna masa jakar, ba tare da an taɓa data ba. Abin kula kawai shi ne laburaren da ke ɗauke da kod na harshen C, irin su Pillow, suna da fayil daban ga Windows da Linux da kuma kowace sigar Python, don haka a sauke wanda ya dace da kwamfutar da za a je.

Mai Saba, Kashere

'Yan'uwa sun yi bayani mai gamsarwa a kan siga, ni kuma ina so in ja hankalin Malam zuwa ga yawan laburaren kansu, domin kowace laburare da ginshiƙi ya tilasta wa mutane amana ce da kuka ɗauka a madadinsu daga hannun wanda ba ku sani ba. Ku gudanar da pipdeptree a kan ginshiƙinku ku ga abin da ke ƙarƙashin kowane suna da kuka rubuta. Lokacin da aka bayyana ɓarakar tsaro a laburaren Log4j ta harshen Java a Disamban 2021, babbar wahalar da kamfanoni suka sha ita ce gano ko suna ɗauke da ita, saboda a wurare da yawa ba su suka girka ta ba, wata laburare ce ta jawo wata, ita kuma ta jawo ta.

Ɗaure siga ba ya kare mutum daga mai mugun nufi idan ba a san hannun da laburaren take ba. A 2018 mai laburaren event-stream ta npm ya miƙa ragamarta ga wani da ya nuna sha'awar ci gaba da kula da ita, sabon mai kulawar kuma ya ƙara mata wata laburare mai suna flatmap-stream wadda aka ɓoye kod ɗin satar kuɗi daga manhajar Copay a cikinta. A Maris ɗin 2024 Andres Freund ya gano ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar kutse, a manhajar matse fayil ta xz, siga 5.6.0 da 5.6.1, bayan ya lura cewa shiga saba ta SSH yana ɗaukar lokaci fiye da yadda ya saba, kuma wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe kimanin shekara biyu yana taimakawa a aikin har aka amince da shi. Saboda haka kafin ku karɓi sabuwar laburare ku duba mutum nawa ne ke da ikon sakin siga, yaushe aka yi gyara na ƙarshe, da yadda suke amsa rahoton matsala. Ku sa pip-audit, mai binciken ɓarakar tsaro a laburare, a cikin gwajinku, ku kunna Dependabot na GitHub, mai sanar da ku idan ana buƙatar sabunta laburare, kuma ku haɗa fayil ɗin kulle da --generate-hashes domin pip ya ƙi duk fayil ɗin da hatiminsa bai yi daidai da wanda kuka gwada ba. Wannan na ƙarshe yana da amfani na musamman ga tsarin filas da Malama ta kawo, tunda filas ɗin zai ratsa kwamfutoci da yawa.

Sai batun lasisi, wanda ya shafi mai ra'ayin kwafo kod kai tsaye. A Maris ɗin 2021 aka gano cewa laburaren mimemagic, wadda ginshiƙin Rails na harshen Ruby ya dogara da ita ta hanyar laburaren Marcel, tana ɗauke da fayil mai lasisin GPL alhali ita an sake ta da lasisin MIT. Tunda sharuɗɗan lasisin biyu ba iri ɗaya ba ne, mai mimemagic ya janye tsofaffin sigogin, girka Rails ya tsaya wa mutane da yawa, har sai da aka fitar da Marcel 1.0 wadda ba ta buƙatar ta. Idan ginshiƙinku na MIT ne ko BSD, ku karanta lasisin laburaren PDF ɗin nan da kyau, domin a cikin laburaren PDF akwai masu lasisin AGPL, wanda sharuɗɗansa ke bin manhajar da mutane ke amfani da ita ta intanet ko da ba a raba musu kwafinta ba.

A ganina fitar da PDF bai ma kamata ya zama tilas ba. Django da girmansa asgiref da sqlparse kaɗai yake jawowa, sai tzdata a kan Windows, kuma ko Pillow da ake buƙata domin hotuna ko psycopg domin PostgreSQL ba ya girka su sai mutum ya nema.

Ɗan Wunti, Bauchi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun zauna da abokan aikina mun karanta amsoshin, kuma mun tsaya a kan cewa za mu bar tazara a pyproject.toml, mu sanya wa Flask rufi kamar yadda Malama ta ce, mu ƙara fayil ɗin kulle mai hatimi a manhajar misali, mu kuma kafa gwajin mako-mako. Mai ra'ayin kwafo kod ya janye bayan ya karanta batun lasisi. Abin da ya rage mana shi ne yadda za mu mayar da PDF abin zaɓi ba tare da mun karya wa waɗanda suka riga suka gina a kanmu ba, domin kusan dukan makarantun suna amfani da shi, kuma idan suka sabunta suka tarar babu shi, mun jawo musu irin abin da muke kuka da shi.

Injiniyan Jekadafari, Gombe

Malam, ku yi shi a mataki biyu. A sigar da za ku saki yanzu ku ƙirƙiri rukunin zaɓi mai suna pdf a ƙarƙashin optional-dependencies, amma ku bar laburaren a cikin jerin tilas kamar yadda take, ku rubuta a takardar canje-canje da shafin farko na aikin cewa daga babbar siga mai zuwa sai an nemi rukunin da sunansa, ku kuma gyara manhajar misali ta fara nemansa tun yanzu. A babbar siga ta gaba sai ku cire ta daga jerin tilas, ku mayar da kiran laburaren cikin aikin da ke fitar da PDF maimakon saman fayil, ta yadda ginshiƙin zai tashi ko babu ita, kuma idan aka nemi PDF ba a same ta ba, saƙon kuskuren ya faɗi ainihin umarnin da za a buga a girka ta. Ku rubuta saƙon da Hausa da Turanci.

Ku tattara duk wuraren da kuke kiran laburaren a fayil guda, sauran ginshiƙin ya riƙa bi ta wannan fayil ɗin, domin ranar da ta sake canza wani abu, ko kuka yanke shawarar musanya ta da wata, wuri ɗaya za ku gyara. Game da rufin Flask, tunda kun bi ra'ayin Malama, ku tabbata gwajin mako-mako yana girka sabuwar sigar Flask da ƙarfi ko da ta haura rufin, in ba haka ba zai riƙa ba ku rahoton lafiya a kan tsohuwar siga kawai. Sannan ku saki babbar sigar a lokacin dogon hutu, bayan makarantu sun gama raba sakamakon zango na uku.